Basilla a cikin kafireto

Shekarar da mahaifina ya yanka mini fili a bakin kanal ɗin ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure, ya ce gwaji ne. In na kai tumatirina kasuwar Kano da kaina na dawo da abin kirki, filin ya zama nawa. In na kasa, ƙanena na nan yana jira.

Motar da za ta ɗauki kayan ta mijin yayata ce, wata tsohuwar a-kori-kura da ta ga jiya ta ga yau. Injinta ƙarami ne mai kai biyu, a buɗe kamar gwafa, silinda biyu nan biyu can. Tafiyarta ta hawainiya ce, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Shi kuwa wannan tafiyar ce ke ci masa tuwo a ƙwarya, don direbobin manyan motoci kan wuce shi a titin Zariya suna yi masa dariya.

Wani bakanike a Kura ya gaya masa gaskiya, cewa injin ya tsufa, sai an sauke shi an canja zobba. Ya dawo yana zagin mutumin, wai ɓarawo ne. Ya ce inji da gona duk abu ɗaya ne, in kana son yabanya ta tashi sai ka faɗaɗa mata bakin ruwa. Saboda haka ya kwance kafireto, mai ba injin fetur, a ƙofar gida, ya ari basillar ɗinkin buhu, ya sa a ɗan ramin da fetur ke bi ya yi ta murzawa. Salansa ma ya datse ta, wai tana shaƙe wa motar wuya. Mutumin da ya fi kowa faɗa in yaro ya bar ruwa ya kwanta a kan tumatir, shi ne ya rasa hankalin gane cewa inji ma yana ƙwarewa.

Da ya tayar da ita, kaji suka watse, hayaƙi baƙi ƙirin ya rufe zaure. Zauna-gari-banzan unguwa suka yi ta jinjina masa, yana ta washe baki. Har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci.

Na ce masa, "Yaya, wannan hayaƙin fa ba na lafiya ba ne."

Ya ce, "Ƙarfi ne ya yi mata yawa. Kai dai loda kwandunanka."

Na loda. Surukin gidanmu ne, ya girme ni, kuma a ƙauyenmu ba a tsallake motar gida a hau ta bare.

Ba mu yi nisa da Kura ba ta fara tari. Ya sauka ya goge fulogogi da gefen rigarsa, muka ɗan taɓa, ta sake shaƙewa. Haka muka yi ta yi har fetur ya ƙare tun ba mu shiga Kumbotso ba, ga shi lokacin ana wahalar mai. Ya ɗauki galan ya tafi nema, ya bar ni da rana. Duk motar da na tsayar a cike take da tumatirin wasu. Kafin la'asar ruwa ja ya fara ɗiga ta ƙarƙashin bodi, ƙudaje suka taru. Abin da ya ragu, matan wani ƙauye suka kwashe a wulaƙance don su yanka su shanya.

Da muka dawo gida mijin yayata ya riga ni magana, ya ce man zamani ne ba shi da kyau, aka kuma yi masa jaje. Mahaifina bai tambayi ko wa ya lalata injin ba. Ya dube ni ya ce, "Ka ga hayaƙin da idonka kafin ka ɗora kaya?"

Na ce na gani.

Washegari da safe ƙanena ne ya buɗe wa filin ruwa.