Rumfar Sadiƙu da Kunamar Kanada

International City

Mun fito bayan sallar asuba, ni da 'yata Hajara, wadda nake zaune wurinta a Dubai saboda aikin idona. Rumfar na naɗe a kafaɗata. 'Yan majalisarmu na Kano, ku riƙe dariyarku tukuna. Ƙanenta Sadiƙu da ke Kanada ne ya ce can ruwan tafki kan daskare ya koma dutse, mutane su kafa 'yar rumfa a kai suna kamun kifi. Wai zai sayi tasa. Na tsufa ina ɗinkin tamfol a Ƙofar Wambai, sannan ɗana ya sayi rumfa? Na samo bututun roba da tamfol a kasuwar 'yan Sin, na ɗinka masa mai naɗewa kamar laima.

Washegari likita zai taɓa idon, bai kuma yi mini alkawarin sake ganin kafar allura ba. Motar kago kuwa, ta masu aika kaya ƙasashen waje, kafin azahar za ta tashi. In ta wuce, ƙila ɗinkina na ƙarshe ya kwana a bayan ƙofa.

Cikin bas

Direba ya dubi ƙunshin, ya tambayi Hajara mene ne.

Na ce, "Gaya masa gida ne. Nasu ma ai ba su fi haka faɗi ba."

Ba ta fassara ba. Muna cikin cunkoso igiya ta kwance, ƙafar rumfa ɗaya ta miƙe ta kusa cire wa wani bawan Allah tabarau. Na hau kanta na zauna har Deira, ina ta salati.

Murshid Bazaar

Alhaji Tasi'u, ɗan Kano mai kago, ya ce ba ya ɗaukar abin da bai gani ba. Na buɗe ta a bakin shago, ta tsaya cak. Ya leƙa ciki ya daɗe.

"Baba, ta ina kifin zai shigo?"

"Ta ƙofa mana, kamar kowa."

"A ƙasa ake huda ƙanƙarar. Ka ɗinke ƙasan ruf."

Ninki biyu ma na yi masa, saboda kunama.

Hajara ta ce, "Baba, kunama a ƙanƙara?"

Na ce, "Kin taɓa zuwa ne?" Amma an riga an fara loda motar.

Na kifa murfin bokiti a tsakiyar ƙasan rumfar, na ari wuƙar yankan kwali, na zagaye shi. Yanka ba wuya. Dajiyar bakin, wato ɗinke gefen ramin, ce dole, in ba haka ba ya zare. Na ɗaga allura sama, na nemi kafarta da zare, na rasa. Na sake, na rasa. Direban motar na ta "Yalla, yalla." Hajara ta karɓa, ta zura, ta miƙo mini. Sauran da yatsa na gan shi. Ina ƙulle zaren Tasi'u ya fizge ta, ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya cilla wa masu lodi.

Komawa

Mun ci shinkafa a unguwar Muraqqabat, ban ji ɗanɗanonta ba. La'asar ta same mu a gida lafiya, alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Tasi'u, Ya yi wa Hajara albarka.

Da'irar tamfol da na yanke tana aljihuna. In ido ya dawo, zan ɗinka wa ramin murfi. Ni har yanzu ban yarda babu kunama a Kanada ba.