Layin Yaya Rakiya a Hannun Mai Faci

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayata Rakiya, mai fataucin turaren wuta tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ita ta buɗe zauren WhatsApp na matan da ke kai kaya ƙetaren iyaka, ta kafa masa doka biyu. Saƙon murya kaɗai ake turawa, don kada a bar wadda ba ta karatu a baya. Sannan ba a shiga sai da layin da ke ɗauke da sunan mace, ba na miji ko na ɗa ba. A nan mata ke faɗa wa juna direban da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, da hanyar da ba a bi bayan la'asar.

Da ta rasu, ba wadda ta iya cire lambarta.

Bara sai lambar ta yi sallama da muryar namiji. Ashe layin da ya daɗe a kashe, kamfani kan sayar wa wani. Malam Sani, mai facin taya a garin Kusa, ya saya, ya tsinci kansa a tsakiyar hirarmu.

Zaure ya rabu. 'Yan matanmu masu rubutu kan haƙƙin mata a intanet suka ce a fitar da shi nan take, ai dokar Rakiya ce. Manya suka ce ba da hannunsu za a goge Rakiya ba. Kowa na da gaskiya, kuma kowa ya daina magana, har wata ta hau motar direban da aka sha gargaɗi a kansa.

Na je Kusa na same shi. Bai ɗago kai ba. "Hajiya, na ji abin da ba nawa ba ne. Mi zan yi?" Na faɗa masa dokar zauren. Daga baya ya miƙa wayar ga matarsa Hadiza, wadda ba ta taɓa riƙe tata ba.

To, layin dai da sunansa yake. Mace ta samu waya, doka kuma ta karye. Da Yaya Rakiya na raye, murna za ta yi ko faɗa? Na san ta tun ina goye a bayanta, amma na kasa cewa.

Ranar da Hadiza ta fara magana, kuɗin mota zuwa Maraɗi ta tambaya. Mata suka yi ta amsa mata, har waɗanda suka ce a cire lambar. A wayata, saƙon ya fito da sunan da ban canza ba: Yaya Rakiya. Allah Ya jiƙanta.