Gurbi Ɗaya a Kabarin Mama

Tsohon firaminista Lorcan Mulqueen ya rasu ranar Talata, 4 ga Maris, a wani asibiti a Dublin, yana da shekara saba'in da takwas. Gwamnati ta shirya masa jana'izar ƙasa. Iyalinsa sun amince, amma sun ce a ƙauyenmu na Kilvarra za a binne shi, a tsohuwar maƙabartar kan tudu. Shekara talatin ke nan da rufe ta. Ba a kai kowa can sai wanda kabarin gidansu ke da sauran zurfin ɗora akwati bisa akwati. Gidan Mulqueen ba su da ko taku ɗaya. Mu gidan Heneghan muna da gurbi guda, a kan akwatin mahaifiyata, kuma na daɗe da sanin cewa nawa ne.

Lorcan, shekara arba'in ina rubutu a kanka a jarida ban yi maka ƙarya ba, ba kuma yau zan fara ba.

Kana shekara bakwai teku ta ci mahaifinka, mahaifiyarka kuwa ta riga shi. Mama ta kawo ka gidanmu. Ni ne na ɗaya a aji, kai na goma sha huɗu, amma in ta yanka burodi, wanda ya fi man shanu gabanka yake sauka. In na yi magana sai ta ce, "Cathal, kai kana da uwa da uba. Shi fa?"

Muna da shekara ashirin da tara muka nemi tikitin jam'iyya ɗaya. Na rubuta shafi goma sha biyu kan hanyoyi da farashin madara. Kai kuwa ka je jana'iza goma sha tara cikin mako shida. Ka kayar da ni da ƙuri'a goma sha ɗaya, tara daga cikinsu na dangin wata tsohuwa ce da ka ɗauki akwatinta a kafaɗa ana tsuga ruwa. Na koma aikin jarida. Mama ta rataye hotonka a ɗakin girki.

Sauran labarin sananne ne. Shekara talatin da huɗu a majalisa, ministan lafiya sau biyu, shekara shida kana shugabancin gwamnati, har ƙawancen jam'iyyu ya watse ka sauka ba gardama. Kai ka ƙara fanshon matan da mazajensu suka rasu, kai ka dage aka gina asibiti a yammacin ƙasa, mutanenmu suka huta da tafiyar awa huɗu da mai naƙuda. Kowace safiya sai ka saurari sanarwar mace-mace a rediyon yankinmu kafin ka buɗe takardun ofis. Ni na laƙaba maka "ministan maƙabarta". Ka yanke shafin ka manna a bangon ofishinka, ka kira ni kana dariya: "Kai ka iya rubuta sunan mutum daidai, malam mai biro. Ni sunan karensa na sani."

Na yi kishinka a kan wannan duka, amma ba kamar ranar da Mama ta rasu ba. Muna Brussels, kai a taron shugabanni, ni a ɗakin 'yan jarida. Kwatsam ka tashi ka fice. Na ɓata awa biyu ina rubuta labarin kujerarka da ka bari babu kowa, ban san kai asibiti ya fara kira ba, domin sunanka Mama ta rubuta a takardar dangin da za a kira.

Da na isa Kilvarra na same ka cikin kabari, ka naɗe hannun riga, kana haƙa tare da maƙwabta. A wajenmu maƙwabta ne ke haƙa, 'ya'ya ba sa taɓa shebur. Na tsaya a bakin ramin na ce, don in ƙona maka rai, "Sai ka zaɓa. In kai ɗanta ne, me kake yi a nan ƙasa?"

Ka dube ni, ka miƙa wa maƙwabcinmu Packie Ruane shebur, ka fito. Ranar binnewa ka tsaya kusa da ni a layin iyali, jama'a na wucewa suna ba mu hannu, kuma naka suke fara kamawa. Da bakina na mayar da kai ɗa a gaban gari.

Ranar Laraba, washegarin rasuwarka, matarka Attracta ta zo mini da takarda, rubutun Mama ne babu shakka: ta ba ka gurbin, in na yarda.

"In ka ƙi, Dublin za mu kai shi," ta ce, "cikin manyan nan da ba ya iya shan shayi da su."

"Ya san gurbina ne?"

"Ya sani mana. Cewa ya yi za ka kumbura kwana biyu, ka rubuta a jarida, sannan ka sa hannu."

Na sa hannu a rana ta uku. Kwana ɗayan nan ita ce kaɗai nasarar da na taɓa samu a kanka.

Allah Ya jiƙanka, Lorcan, Ya gafarta maka, Ya ba ka hutu. Ya yafe mini abin da na faɗa a bakin rami, da abin da har yanzu nake ji. Ina miƙa ta'aziyyata ga Attracta, da 'ya'yanku Sorcha da Eoghan, da mutanen Kilvarra. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Packie, wanda yanzu ya haura tamanin, ya ce yana jin kamar kafin ka fito daga ramin ka ce musu su ƙara zurfin ƙafa biyu, "saboda mu biyu ne", amma ba zai rantse ba. Maƙwabta za su buɗe kabarin ranar Litinin da safe. Har zuwa lokacin haɗa wannan shafi, babu wanda ya tabbatar ko gurbin ɗaya ne ko biyu.