Malamar Hafsa ta tambaye ni unguwarmu a Kano

Jama'a, yau wata Bayarabiya ta ƙure ni da Hausa a gaban 'yata!

Jiya aka ba Hafsa aikin gida na Turanci, wai ta rubuta shafi ɗaya kan garinsu na asali. Na ce, "Kawo biro, Kano za ki rubuta." Kun dai san ni, a unguwar Sabo ta nan Ibadan aka yanke min cibiya, ko Ilori ban taɓa wucewa ba. Amma na zage ina faɗa, tana mayarwa Turanci. Tuddai ko'ina, rufin kwano duk ya yi ja, ga ƙananan tasi cike da titi.

Da safe malamarta ta aiko a kira ni. Na shirya Yarbancina tsaf.

Ina shiga ta ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Wace unguwa ce taku a Kano?" Hausa tar!

Na ce, "E to, can wajen kasuwa."

Ta ce, "Wacce daga ciki?"

Na kama gyaran hula.

Ashe a Fagge aka haife ta, can ta girma! Ta ɗaga takardar ta ce, "Rubutu ya yi kyau. Amma wannan ai Ibadan ce, suna kawai aka canza. Ta je ta sake."

Hafsa ta rako ni bakin ƙofa, ta ce, "Baba, mako mai zuwa tarihin kakanmu za mu rubuta. Don Allah kar ka taimaka min."