Dutsen Baba a Wutar Maƙeri

A gonarmu ta tattasai da ke bakin kogin Komadugu, kusa da Geskeru, ko ka wuni kana haƙa ba za ka sami tsakuwa ba, daga yashi sai laka. Shi ya sa dutsen da Baba ya tono da fartanya ya zama abin kallo. Girmansa bai wuce ɗan tulu ba, baƙi ƙirin kamar an babbake shi, ga nauyin tsiya. Shekara da shekaru da shi muke danne tabarmar shanya. Da zaman ƙauye ya gagara muka dawo cikin Diffa, Baba ya bar randuna da turmi, amma ya ɗauko dutsen. Bayan rasuwarsa ya zauna a gidan yayana, yana tokare ƙofar zaure.

Ni malamin kimiyya ne a kwalej. Wata tsohuwar ɗalibata da ke karatun duwatsu a Yamai ta zo hutu, na kai ta ta gani. Ta kara masa maganaɗisu ya manne, ta yi tsugune ta daɗe ba ta tashi ba. Ta ce tana kyautata zaton daga sama ya faɗo, baƙin ɓawon kuma ƙunar da ya sha ce a hanya. Ta tuna mini da abin da ake kira izotop: ƙarfe iri ɗaya, amma wasu ƙwayoyinsa sun ɗara wasu nauyi. Masana kan gwada wannan bambanci a irin waɗannan duwatsu da kuma a dutsen da ke fitowa daga can ƙarƙashin ɓawon duniya. Da haka suka gane cewa tun duniya tana sabuwa aka yi mata ruwan duwatsu, suka narke suka gauraya da cikinta. Ta ce malaminta zai so ya gani, za ta kawo shi bayan an tsinke tattasai. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a wanke dutsen, kada a shafa masa komai.

Na so a gwada dutsen nan fiye da yadda zan iya faɗi. Baba ya mutu yana cewa dutsen ba na ƙasar nan ba ne, mutane suna yi masa dariya, har da ni a wasu lokuta. Amma ban gaya wa yaya sharaɗin ba. Cewa kawai na yi manyan baƙi za su zo ganin dutsen Baba. A raina na ce me ɗan tattasai zai fahimta da izotop.

Shi kuwa yaya ɗan kasuwa ne na ƙwarai. Bai taɓa buɗe wa mai saye buhu ba sai ya shafa mai a tafin hannu ya murza na saman, su yi ja su yi sheƙi. A wurinsa nuna wa baƙo kaya da datti abin kunya ne. Sai ya jiƙa dutsen kwana uku a ruwan kanwa. Da ya ga tsatsa ta feso, ya kai wa maƙeri, aka cusa shi a wuta, aka kankare baƙin da guduma da magagari, aka tsoma a ruwa har ya tsage gida uku. Daga nan ya bi shi da man injin ban-ruwa.

Ranar da baƙin suka zo, yaya ya fito da shi a faranti, an lulluɓe da sabon ƙyalle. Yana yayewa warin baƙin mai ya cika zauren. Gutsattsari uku ne masu maiƙo, launin hanta, har ƙuda ya fara sauka. Malamin ya ɗauki guda, ya juya, ya shinshina, ya goge yatsunsa da hankici. Cikin ladabi ya ce wuta da ruwa da mai sun shige shi ta kowace tsaga, kuma dutsen da aka yi wa haka ba za su amince da sakamakonsa ba. Ya sha shayinsa, ya yi godiya. Ɗalibata ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Suna fita na rufe yaya da faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Na kira aikinsa ƙazanta, na ce abin da ya girmi duniyar da muke takawa ya mai da shi kamar kayan gyaran babur. Na yi ta faɗa har na gaji. Sannan ya naɗe ƙyallen a hankali ya ce, “Malam, kwana shida na yi ina wahala don kada a raina Baba. Kullum kana wucewa ta ƙofar nan. Da ka ce kada in taɓa, da ban taɓa ba.”

Gutsattsarin suna ɗakina yanzu a cikin gwangwani. Har yau in na buɗe warin man nan ne ke fara tarbata, kuma ba yaya nake ƙyama ba, kaina nake ƙyama.