Dodon Teku da Yajin Baba

Shekarun baya, lokacin 'yata tana da shekara takwas, muna dawowa daga cefane a Port Richmond, unguwarmu a New York, sai wata bas ta gifta da tallar sabon fim a jikinta: saurayi a kan doki mai fukafukai, ga wata mata da macizai a madadin gashi. Yarinyar nan ta saki hannuna ta hau tsalle, wai labarin Kaka ne aka yi fim ɗinsa. Ni ma da girmana saura kaɗan in zubar da ƙwai a titi don murna.

Da labarin nan muka tashi. Mahaifina ya kalli tsohon fim ɗin a Kano yana saurayi, fim ne na tatsuniyoyin mutanen Girka na dā, shi kuma ya mayar da shi tatsuniyar gidanmu. Allolin da ke ciki ba ya kiran su alloli, sarakunan aljanu yake cewa. Jarumin zai sare kan mai gashin macizai, wadda duk wanda ya haɗa ido da ita sai ya zama dutse, ya jefa kan a buhu. Sannan ya hau dokinsa ya tunkari dodon teku da ke shirin cinye 'yar sarki. A nan Baba yake miƙewa tsaye. Jarumi ya ciro ƙullin yajin da uwarsa ta daka masa, ya watsa wa dodo a ido da hanci, dodo ya yi ta atishawa har ya nutse. Na sha tambayarsa ina aka kai kan da ke buhu, ya ce na cika surutu.

'Yata irin yaran nan ce da za a yi musu Hausa su amsa da Turanci. Labarin nan kaɗai ke zaunar da ita gaban kakanta, wanda a lokacin yake zaune tare da mu. Shi yana ce mata amarya, ita tana ce masa tsoho, kuma a wurinta in ya faɗi magana ta zauna.

Da muka ce zai raka mu kallon fim ɗin, sai ya tubure. Wai a zamaninsu sinima ba wurin mutumin kirki ba ne, balle yanzu da yake sahun gaba a masallaci. Amarya ta dame shi kwana uku kafin ya sauko, da sharaɗi biyu: ba a unguwarmu ba, sai dai mu tsallaka Manhattan, kuma hular hana-sallah ta mijina zai saka. Ranar Asabar bayan azahar dattijon nan ya fito cikin jallabiya da hana-sallah, yana zaton ya ɓad da kama.

A cikin jirgin ruwan da muka hau daga tashar St. George zuwa Manhattan, yarinyar tana can tana kallon ruwa, Baba ya matso kusa da ni.

"Zan gaya miki wata magana, amma kada amarya ta ji. Ban ga ƙarshen fim ɗin nan ba."

Ashe sinimar tasu ba ta da rufi. Daidai lokacin da dodo ya ɗago kai daga teku, ruwan sama ya kece kamar da bakin ƙwarya, kowa ya yi ta kansa. Washegari yayansa ya ji labarin inda ya je, ya yi masa tas, bai ƙara komawa ba. Yajin nan daga kansa ya fito.

Na yi dariya har da hawaye, sannan na kalli fuskarsa. Tsoro yake ji na gaske. Ya ce in yarinyar ta gane ƙirƙira ya yi, za ta daina zama gabansa, shi kuma ba shi da wata igiyar da yake riƙe da ita. Nan na kawo dabara: da zarar dodo ya leƙo, zan ja ta zuwa banɗaki, ba za mu dawo ba sai an gama. Ya sa mini albarka.

Aka ba mu tabarau na musamman a ƙofa, Baba ya ɗora nasa a kan na idonsa. Jama'a, fim ya yi fim! Manyan kunamu suka fasa ƙasa suka yo kanmu, Baba ya sunkuya, gugguru ya watse a cinyarsa. Yana ta ba jarumi shawara da ƙarfi kamar yadda ake yi a sinimar Kano, har wata Baturiya a gabanmu ta gaji da juyowa. Amarya kuwa sai zungurinsa take, duk abin da ya faɗa mata ga shi tana gani.

Sai dodo ya taso. Ni mai dabara, bakina a buɗe, na manta da banɗaki, na manta ma ina da 'ya. Jarumi ya zura hannu a buhu, ya ciro kan mai macizai ya nuna wa dodo, dodo ya sandare ya zama dutse. Kafin in farga Baba ya miƙe tsaye.

"Ashe amfanin kan ke nan! Kai, yaron nan akwai wayo!"

'Yata ta cire tabarau ta zuba masa ido. Ya koma ya zauna a hankali, ni kuma na rasa inda zan saka kaina.

Muka koma jirgi. Sai da muka yi nisa ta tambaye shi da Turanci ko dama bai sani ba. Bai yi kwana-kwana ba, ya ba ta labarin ruwan sama da na yayansa duka. Sai ta buɗe baki da Hausarta mai gargada, wadda ban taɓa jin ta yi mai tsawo haka ba.

"Tsoho, wa ya saka yaji?"

"Ni ne, amarya."

"Naka ya fi daɗi. Amma ka manta da kai. Ka gyara."

Gyaran nan har yau ba a gama shi ba. Shi ya ce a fara watsa yaji sannan a nuna kai, ita ta ce wanda yaji ya shiga idonsa yaushe zai ga wani kai. Baba ya koma Kano da zama, ita ta shiga jami'a, amma in sun haɗu a waya sai sun taɓo gardamar, kuma da Hausa suke yi.

Ni abin da na ɗauka shi ne, yaro ba ya ƙin babba don bai san komai ba, mu ne dai muke wahalar da kanmu da ɓoye-ɓoye. Duk sanda hadari ya haɗo a New York mutane suna tsaki, ni murmushi nake yi. Ruwan da ya kori mahaifina daga sinima a Kano shi ya koya wa 'yata Hausa.