Karimatu Mai Banda da Waƙar da Ta Ƙi Gogewa

Duk wanda ya taɓa sarin bandararren kifi a bakin tafkin Lagdo ya san Karimatu. Doguwa ce, idanunta jajur saboda hayaƙi, kullum da waya a soke a gefen ɗankwali. 'Yar Garwa ce, jikar fataken goro da suka zo daga wajen Kano. Aure ne ya kawo ta Lagdo. Da mijinta Ilyasu ya rasu, dangi suka ce ta tattara ta koma gida, ta ce ita da murhunan bandarta uku ba inda za su.

Wayar kuwa 'yarta Fati ce ta aiko mata daga Duwala, ta kuma saka ta cikin grup ɗin WhatsApp na zuri'ar Malam Hamadu, wato mahaifin Karimatu. Karimatu ba ta iya karatun boko ba, amma ta iya danna wuri ta yi magana, wannan kuwa ya ishe ta. Sauran dangi gaisuwar Juma'a da sanarwar suna suke turawa. Ita waƙa take turawa, kuma ba ta tura ta haka kawai sai da bayani.

"Ku saurari wannan, amma ban da a tsaye," in ji ta. "Ku zauna. Akwai inda mai gogen zai yi shiru kamar ya gama. Ku jira, bai gama ba."

Wata rana bidiyo ne: hannun wani tsoho yana gina tukunya a kan faifai mai juyawa, ba magana, ba kiɗa. Wata rana kuma dubban kifaye ne a cikin teku suna juyi tare kamar jiki ɗaya. Wannan na kifin ta kalla har tarwaɗar murhu guda ta ƙone ƙurmus. Da bakinta ta ba dangi labari, tana dariya.

Maƙwabciyarta a wurin banda wata Kirista ce mai suna Berthe, mutuniyar wajen Yagwa. Shekararsu goma sha ɗaya suna shaƙar hayaƙi ɗaya, suna hira da Fulatanci. A daminar 2019 ɗan yayar Berthe ya rasu. Ta je jana'iza ta dawo da wata waƙa a waya, wadda matan ƙauyensu suka rera a bakin kabari da harshen Masa. Ta kunna wa Karimatu da rana tsaka, suna jera karfasa a kan raga.

Ko kalma ɗaya Karimatu ba ta gane ba. Amma da muryar tsohuwar da ke ba da waƙar ta karye, sauran suka karɓe mata, sai ta ajiye kifin da ke hannunta ta zauna a kan itace. Kukan da ta kasa yi wa Ilyasu duk tsawon takaba, ranar ta yi shi. Da la'asar ta tura waƙar cikin grup, ta ce, "Duk wanda ya taɓa binne nasa, ya ji wannan."

Kafin magariba yayanta Alhaji Dawuda ya kira. Shi ne babba a gidan, mai shagon atamfa a babbar kasuwar Garwa, kuma shi ke riƙe da grup ɗin.

"Karimatu, waƙar coci a zauren zuri'ar Malam Hamadu?"

"Yaya, ba a coci aka yi ta ba. A bakin kabari ne."

"Kin ma san abin da suke faɗa?"

"Na tambaya. Uwa ce ke kiran ɗanta ya zo, tuwonsa yana hucewa."

Alhaji ya ce, "Ki goge ta, ki ba mutane haƙuri. Mace mai jikoki, ba ki da aiki sai kiɗa da kallon tukwane."

"Aiki kam ina da shi, Yaya, hannuna ne shaida. Salla ban bari ba, ban zagi kowa ba. Abin da ya taɓa min zuciya na miƙa wa 'yan'uwana. Ba zan goge ba."

Washegari Berthe ta duba wayar ta karanta mata: an cire Karimatu daga grup ɗin.

Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Rasuwar gwaggonsu ta Mayo-Ulo sai bayan kwana uku ta ji, a bakin wani direba. Fati ta yi ta roƙo daga Duwala, "Inna, kalma biyu ce fa, ki ce a yi haƙuri." Karimatu ta ce in ta faɗa ta yi ƙarya, ita kuwa ba ta fara ƙarya da furfura ba.

Sai ta sa Berthe ta buɗe mata nata grup ɗin. Doka ɗaya ta kafa: duk mai turo abu ya faɗi da bakinsa inda ya taɓa shi. Suka fara su shida, duk matan banda. Direbobin da ke kai kifi Garwa suka shigo, sannan Lucie, wata nas a Poli, mai turo bidiyon ruwan sama yana zuba a kan duwatsu. Muntaka mahauci, wanda yaran mayanka ke tsoron muryarsa, ya turo waƙar wani makiyayi da fari ya kashe wa shanu, ya ce, "Wallahi, Dada Karimatu, sai da na shige bayan rumfa kada a ga fuskata." Dangi ma suka riƙa sulalowa ɗaya bayan ɗaya, har da Kaltumi, matar Alhajin, da lambar ƙanwarta.

Bayan shekara biyu aka yi bikin wata 'yar Alhaji a Garwa. Karimatu ta je da kwandon bandararren kifi giwan ruwa. Da aka watse daga walima Alhaji ya kira ta zaure.

"Zan mayar da ke," ya ce. "Gaisuwa da sanarwa kawai. Ban da kiɗa."

"Na gode, Yaya. Zumunci kam ga ni na zo da ƙafata, gobe ma zan zo. Amma wurin da sai na bar rabina a waje, a bar ni a wajen gaba ɗaya."

"Taurin kanki na Baba ne."

"Naka fa, na wa ne?"

Bai mayar da ita ba. Ta durƙusa ta yi masa sallama yadda ƙanwa ke yi.

Bara idanunta suka fara hazo. Likita a Garwa ya ce hayaƙi ne da hasken waya, ta rage duka biyun. Ta sayar da murhu ɗaya, ta sayi tabarau. Yanzu in bidiyo ya shigo, Berthe ce ke riƙe wayar tana faɗa mata abin da ke ciki, ita kuma tana juya kifi tana cewa, "A hankali, ke. Sai kuma me ya yi da hannun?"